Idan jar fitilar baƙin mai ta kama kwatsam a tsohon inji

Jar fitilar nan mai siffar 'yar buta da ɗigo a bakinta, ita kaɗai ce a gaban direba da ban yarda a ce mata "bari in ƙarasa" ba. Fitilar caji za ta iya kamawa ka ci gaba da tafiya a kan batir har ka sami wurin tsayawa. Allurar zafi za ta iya hawa ka lallaɓa zuwa gefen hanya. Amma ta baƙin mai in ta kama inji yana gudu, daƙiƙoƙi ne a hannunka. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka mayar da giya firi, ka gangara gefe, ka kashe. Makulli taki ɗaya kawai za ka murɗa baya, kada ka zare shi, don sitiyari zai kulle motar tana tafiya. Ka kuma sani birki zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sai ka danna da ƙarfi.

Dalilin gaggawar yana cikin ɗan suwic ɗin da ke kunna fitilar. Shi ne ke kunna ta in matsin mai ya faɗi, kuma a yawancin tsofaffin motoci an saita shi ƙasa ƙwarai, wajen bar 0.3 zuwa 0.5, wato kamar psi 4 zuwa 7 (bar da psi ma'aunan matsi ne). Inji mai lafiya kuwa a kan hanya yana riƙe da bar 2 zuwa 4. Ka ga kenan lokacin da fitilar ta kama, matsin ya riga ya kusa ƙarewa ƙurmus.

Na koyi wannan a kan motata ta farko, tsohuwa mai silinda huɗu da kafireto. Fitilar ta kama da yamma, saura kamar kilomita uku in isa gida. Na kasa kunne, inji yana sauti lafiya lau, sai na ce waya ce. Ban yi nisa ba na fara jin ƙas-ƙas daga sama, can kuma sai wani bugu mai nauyi daga ƙasa, kamar ana dukan ƙofa da guduma. Inji ya buga. Washegari muka sauke kaskon mai da kawuna, wanda a hannunsa na koyi aikin. Metal ɗin fistin na uku, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ke tsakanin hannun fistin da karanshaf, ya narke ya juya a mazauninsa, wuyan karanshaf, babban ƙarfen da fistin ke juyawa, ya yi shuɗi don zafi. Kawu ya kwance rariyar famfo ya ɗora mini a tafin hannu. Ta toshe da wasu jajayen zarurruka masu santsi kamar tsutsotsi, gam ne da wani ya lafta wa gaskit ɗin kasko fiye da kima, ya matso ciki ya gutsuttsure. Ya ce, "Ɗana, da ka kashe ta a inda ta kama, aikin awa biyu ne." Na ce, "Kawu, ai ban ji ƙara ba." Ya ce, "Ƙarar ai ita ce ta ƙarshe a zuwa."

Kafin ka taɓa sifana, ka riƙe hoton hanyar man a kanka, domin duk binciken bin hanyar nan ne. Mai yana kwance a kasko a ƙasan inji. Famfo yana zuƙo shi ta rariya da ɗan bututu, ya tura shi ta filta zuwa babbar hanya a cikin bulok, daga nan ya rarrabu zuwa metal ɗin karanshaf, da na hannun fistin, da kamshaf da tafet a sama, sannan ya gangaro kasko. Aikin famfo turawa ne kawai. Matsin yana samuwa ne saboda ƙofofin da man zai fita ta cikinsu matsattsu ne, kamar yadda ruwan tiyo ke ƙara ƙarfi in ka danne bakinsa da yatsa. Tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf tana tsakanin milimita 0.025 da 0.075, kaurin silin gashi ko ƙasa da haka, kuma a kan wannan ɗan siririn shimfiɗin mai ne ƙarfen yake yawo ba tare da ya taɓa ɗan'uwansa ba. A jikin famfo ko kusa da shi akwai wani bawul mai sifirin da ke buɗewa ya mayar da rarar mai in matsi ya yi yawa. Shi ke nan tsarin.

Yanzu kalmar da nake so ka riƙe ita ce "kwatsam". Inji da ya tsufa, metal ya cinye, ba ya rasa matsi dare ɗaya. Watanni yake yi yana ba ka labari: fitila ta riƙa ƙyaftawa a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, bayan doguwar tafiya, ka ɗan taɓa totur ta mutu. Wanda kuwa jiya lafiyarsa ƙalau yau ya faɗi ƙasa, to wani abu ne ya zube, ko ya toshe, ko ya karye, ko ya maƙale a buɗe, ko kuma fitilar ce ke ƙarya. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini mota da wannan matsala, tambayata ta farko ita ce me ya faru gab da haka. An yi juye cikin kwanakin nan? Ƙasan motar ya daki dutse ko ta faɗa rami? Ta yi zafi makon jiya? Wani ya buɗe injin, ko ya canza bel ɗin taimin? Sau da yawa amsar tambayar nan ta riga ta raba aikin biyu.

A gefen hanya, da ido da hanci

Ka leƙa ƙarƙashi, ka kuma waiwaya hanyar da ka biyo. Baƙin layi a kan kwalta ya gama ba ka amsa. Ka bar motar ta huta minti biyar don man da ke sama ya sauko, in da hali a wuri mai daidai. Ka zaro sandar geji, ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. A yawancin ƙananan motoci tsakanin alamar ƙasa da ta sama kamar lita ɗaya ce, kaskon kuma yana ɗaukar lita uku da rabi zuwa biyar. In sandar ta fito a bushe, fiye da lita ɗaya ta tafi, sauran kuwa ba ka san nawa ya rage ba. Wata alama ta ƙarancin mai ita ce fitila ta kama in ka taka birki da ƙarfi ko ka sha kwana, sannan ta mutu: man ne ke karkata gefe ya bar rariya tana shaƙar iska.

Wuraren da ke zubar da mai da sauri ba su da yawa. Notin juye da ba a ɗaure ba ko zarensa ya cinye, kasko da ya tsage, tiyon abin sanyaya mai ga motar da ke da shi, shi kansa suwic ɗin in robarsa ta fashe, sai filta. Filta nake fara taɓawa in an ce jiya aka yi juye. Wani lokaci in aka kwance tsohuwar, robarta takan manne a jikin inji, mai juyen bai duba ba ya ɗaura sabuwa a kai. Roba biyu a kan juna sukan riƙe na ɗan lokaci, wani sa'in kwana ɗaya ko biyu, sai ranar da aka ba motar wuta a kan babbar hanya ɗaya ta fita, inji ya amayar da mansa duka cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Za ka ga gefen injin da ke wajen filta ya jiƙe sharkaf har bayan mota. Ka kwance ka ƙirga robobin da yatsanka.

In man yana nan, kada ka yi saurin mayar da sandar. Ka karanta abin da ke jikinta. Ka murza ɗigo tsakanin yatsu biyu, ka shinshina. Man da ya haura alamar sama ba tare da ka ƙara ba, ya tsinke kamar ruwa yana warin fetur, fetur ne ya shiga cikinsa. A tsofaffin motoci masu famfon fetur da ke manne a jikin bulok, in fatar cikinsa ta yage kai tsaye take zuba fetur cikin kasko. Kafireto mai ambaliya ma yana yin haka. Man da ya koma fari-fari mai kauri kamar an dama, ruwan lagireto ne ya haɗu da shi, galibi daga gaskit ɗin kan inji, kuma irin wannan man ba ya riƙe metal. In ka ga kumfa, ka duba ko an cika man ya wuce kima, domin karanshaf yakan riƙa dukansa ya mayar da shi kumfa, famfo kuwa ba ya iya matsa kumfa. In ka karkata sandar a rana ka ga ƙyalli-ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, kada ka sake tayarwa. A kira janwe.

In dai ƙarancin mai ne, ka gano inda ya fita ka toshe, ka cika, to za ka iya gwadawa sau ɗaya. Ka tayar idonka a kan fitilar. Ya kamata ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku. In ka ƙirga biyar tana nan, ko ka ji bugu, ka kashe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mai yana nan cike, mai tsabta, babu ƙara, fitila tana ci

Nan ne mutane suka fi yin asara, domin zuciya tana son a ce suwic ne. Kuma gaskiya sau da yawa shi ne, musamman a motar da ta haura shekara ashirin. Amma ni ma irin haka na ce a ranar da na ba ka labari.

Akwai ɗan gwajin da za ka yi ba tare da ka tayar ba. A yawancin tsofaffin motoci suwic ɗin waya ɗaya gare shi, aikinsa ya haɗa wayar da jikin inji in babu matsi. Ka murɗa makulli fitilu su kawo, ka zare wayar daga kansa. In fitilar ta mutu, wayar lafiya take. In ta ci gaba da ci, wayar ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe, ka bi ta da hannu, galibi kusa da salansa ko inda ta ratsa wani ƙarfe mai kaifi za ka same ta. Ka leƙa cikin soket ɗin kuma: in ka ga mai a ciki, suwic ɗin ya fashe ta ciki. Wasu motocin sun bambanta. Tsofaffin Volkswagen da Audi da yawa suna da suwic biyu, ɗaya na bar 0.3, ɗaya na wajen bar 1.8 wanda ke aiki da ƙararrawa in inji ya wuce juyi 2000 a minti, don haka a irinsu sai ka san wanne kake taɓawa. Wannan gwajin dai waya kawai ya wanke, bai ce komai a kan matsin ba. Haka nan buɗe murfin zuba mai a ga ko kamshaf yana jiƙe: alama ce mai ɗan amfani, amma mai yana iya isa sama a wahale alhali ƙasa tana ƙonewa.

Abin da ke yanke hukunci shi ne agogon auna matsi, irin mai allura da tiyo wanda ba ruwansa da lantarki. Ban san wani kayan aiki da ya fi shi ceton injuna ba, kuma ina jin takaici in na ga an sauke inji ko an sayi famfo ba a ɗaura shi ko sau ɗaya ba. Ka kwance suwic ɗin ka ɗaura bakin agogon a raminsa. Ka lura da zaren ramin, don ba iri ɗaya ba ne: motocin Japan da yawa suna amfani da 1/8 BSPT, na Amurka 1/8 NPT, wasu na Jamus kuma M10×1. Na farko da na biyu sun yi kama ƙwarai, bambancinsu zare 28 ne da 27 a inci ɗaya, sai ya shiga juyi biyu ya cije. In ya cije kada ka tilasta masa, za ka iya tsaga wurin, musamman in alminiyam ne. Da yatsa ake fara ɗaurawa, sifana daga baya.

Kada ka tayar tukuna. Ka cire wayar kwayil don kada wuta ta je, ka zare fulogai duka don inji ya juya a saƙe babu nauyi a kan metal, sannan ka ba shi sitata na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar. Allura ya kamata ta ɗaga, ko kaɗan ne. In ka yi haka sau biyu ba ta motsa ba, babu zancen tayarwa, sai buɗewa. In ta ɗaga, ka mayar da fulogai ka tayar, hannunka a kan makulli. Ka rubuta abin da ta nuna da sanyi. Ka bar inji ya ɗumama sosai, kuma ka sani mai ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi, allurar zafi za ta kai tsakiya tun man bai kai nasa ba, don haka ka ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin muddin matsin yana riƙe. Sannan ka rubuta na silo, na juyi 2000, da na 3000. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ita ce aƙalla psi 10 a kan kowane juyi 1000 a minti, wato kamar bar 0.7. In kana da littafin injinka, adadin da ke ciki shi ne gaba da wannan ƙa'ida.

Yadda allurar ke motsi ya fi adadin kansa magana. In ko'ina lafiya, da sanyi da zafi, to ka huta, suwic ne, ka sa sabo. In ta kwanta a sifili ba ta ko numfashi, famfo ba ya juyawa, ko bututun rariya ya faɗi, ko wani toshi na hanyar mai a cikin bulok ya fita. In da sanyi ta hau sosai, da zafi ta zube har kusa da ƙasa a silo, ko man ya tsinke ko tazarar metal ta buɗe. In ta hau kaɗan ta tsaya cak a wani ƙaramin adadi, ko da sanyi, duk wutar da ka ba ta, ka zargi bawul ɗin rage matsi: sifirinsa ya karye ko ya maƙale a buɗe. In tana rawa sama da ƙasa ba ta zama wuri ɗaya, iska ce ke shiga. Wadda ta fi yaudara ita ce mai kyau a silo, amma da ka riƙe wuta na ɗan lokaci sai ta fara sauka maimakon hawa. Rariya ce ke toshewa. Ƙarfin zuƙa yana tattaro datti ya manne a fuskarta, in ka kashe motar ya saki ya koma ƙasa, ka sake tayarwa ka ga komai daidai. Irin wannan motar ce ake kai wa bakanike ya ce bai ga komai ba, ta fita ta buga a hanya.

Kafin ka shiga ciki, ka kwance filta. In ka same ta a bushe ko rabi, famfo bai kawo mata mai ba. In cike take, ka yanka ta. Ka yi amfani da abin yanka filta ko almakashin kwano, kada ka sa zarto, don garin zarton zai ruɗa ka. Ka ciro takardar ka matse man, ka baje ninkin a rana ka bi shi da maganaɗisu. Abin da ya manne ƙarfe ne, daga karanshaf ko kamshaf ko haƙoran famfo. Wanda bai manne ba, mai launin tagulla ko toka-toka, naman metal ne. Ƙura kaɗan a tsohon inji ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashi da za ka iya ɗauka da farce yana nufin an riga an yi ɓarna. Filta mai datti ita kaɗai ba kasafai take kashe matsi gaba ɗaya ba, domin akwai bawul da ke buɗewa ya bar mai ya zagaye ta, sai dai marar kyau takan ruguje ta ciki ta toshe hanya. Sa sabuwa mai kyau ka sake aunawa abu ne mai sauƙi, ka yi shi.

A wasu injuna bawul ɗin rage matsi yana ƙarƙashin wani babban noti da za ka iya kaiwa daga waje. Ka kwance a hankali don sifirin yana turowa. Ɗan ƙarfen da ke ciki ya kamata ya zame a raminsa ba tare da gardama ba. Ƙwayar datti guda tana iya riƙe shi a buɗe, kuma wannan na cikin abubuwan da ke kawo faɗuwar kwatsam a inji mai lafiya. Ka wanke, ka duba ko ya karce, ka gwada tsawon sifirin da sabo. Masu cusa washa a bayan sifirin don allura ta hau ba su gyara komai ba. Washa tana ɗaga iyakar sama ne kawai, ba ta taɓa matsin silo da zafi, wanda shi ne abin damuwar.

Sai abin da ke juya famfon. A tsofaffin injuna da yawa, musamman manyan na Amurka, distiributa ce ke juya shi ta wata siririyar sanda, a wasu mai kusurwa shida. In wani ɗan ƙarfe ya shiga haƙoran famfo ya cije, sandar takan murɗe ta karye, distiributa kuwa ta ci gaba da ba da wuta. Inji yana aiki lafiya, famfo a tsaye. Ka yi alama a mazaunin distiributar da inda rotarta ke kallo, ka zare ta, ka haska ramin. In sandar tana nan, ka juya ta da injin huda ta ɓangaren da rotar ke juyawa. Famfo mai aiki za ka ji ya yi nauyi a hannunka bayan 'yan daƙiƙoƙi, allurar agogo ta hau. In ya yi ta juyawa sakayau, ko sandar ta rabu da famfo ko famfo ba ya samun mai. A wasu injunan sarƙa ce ke jan famfon, wasu kuma yana kan hancin karanshaf kai tsaye. Akwai ma waɗanda ƙarfin ɗaurin babban notin gaban karanshaf ne kaɗai ke riƙe haƙorin da ke jan sarƙar, shi ya sa na tambaya ko an taɓa bel ɗin taimin: in ba a ɗaure notin nan yadda ya kamata ba, haƙorin yakan riƙa zamewa.

Sauke kasko

In duk wannan bai nuna ba, a sauke kasko. Ka tsiyaye man ta cikin farin ƙyalle don ka ga abin da zai bari. Ka dubi ƙasan kaskon daga waje tukuna. Tsakanin bakin rariya da ƙasan kasko tazara ce ta kamar milimita 6 zuwa 10, don haka lotsawar da dutse ya yi, ko jak da wani ya kafa a wurin, tana iya rufe bakin ruf ko ta tsaga bututun.

Ka kwance rariyar ka ɗaga ta sama ka kalli haske ta cikinta. Abin da ya toshe ta zai gaya maka inda ya fito. Baƙin ɓarɓashi mai tauri kamar gawayi, tsohon mai ne da ya daskare saboda jinkirin juye ko yawan zafi. Zarurruka masu santsi gam ne. Gutsattsarin roba mai tauri daga madogaran sarƙar taimin suke, kuma in ka gan su to aikin bai ƙare a kasko ba, sai an buɗe gaba. A nan nake roƙon masu tsofaffin motoci su bar zuba kananzir ko dizal ko maganin wanke inji a injin da ya shekara yana tara datti. Dattin da ke manne a bango ba ya hana mota tafiya, amma ranar da aka ɓamɓaro shi gaba ɗaya, rariya yake nufa. Injin da cikinsa ya yi irin wannan datti, a buɗe a wanke da hannu. Ka duba bututun ko ya tsage a wajen walda, ka kuma duba robar ko gaskit ɗin da ke inda ya haɗu da famfo. In ta bushe ta yi tauri, famfo zai riƙa shaƙar iska ta nan, don iska ta fi mai sauƙin ja. Ƙaramar roba ce, kada ka mayar da tsohuwa.

Famfon kansa shi aka fi ɗora wa laifi, kuma a abin da na gani shi ya fi ƙarancin aikatawa. Yana wanka cikin mai dare da rana, a hankali yake cinyewa. Ka buɗe murfinsa, ka duba karce a murfin da haƙoran, ka auna tazarar da fila geji, wato siraran fallayen ƙarfe na auna tazara, ka gwada da littafi. In ya cije, ka nemo abin da ya shige shi da inda ya fito, in ba haka ba sabon ma zai haɗiyi irinsa.

Ko da ka kama mai laifin, muddin injin ya yi tafiya da fitilar a kunne, kada ka rufe kasko ba ka ga fuskar metal ba. Ka kwance murfin hannun fistin guda, wanda ya fi nisa da famfo, da babban murfin karanshaf guda. Fuska mai launin toka bai ɗaya lafiya ce. In tagulla ta bayyana ya cinye. In ya yi baƙi ko shuɗi, ko bayansa yana sheƙi alamar ya juya a mazauninsa, karanshaf sai ya fita an kai shi wurin gyara. Ka ja farcenka a kan wuyan karanshaf: in farcen yana kamawa, sabon metal ba zai daɗe a kansa ba. Tazarar ana auna ta da Plastigage, wani siririn zare mai laushi da ake ɗorawa a kan wuyan, a ɗaure murfin daidai ƙa'ida, a kwance a gwada faɗin da ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Kada ka juya karanshaf zaren yana ciki. Kowane murfi ya koma inda ya fito, fuskarsa ta kalli inda take kallo, a kuma ɗaure da sifanar awo.

Za a ce maka ka zuba mai mai kauri. Ga injin da ya tsufa a hankali, komawa 20W-50 daga 10W-40 yakan ɗan ɗaga matsin silo ya ƙara masa kwana, ban musa ba. Amma ga wanda ya faɗi kwatsam ba ya maganin komai, in ma rariya ce ta toshe, mai kauri ya fi wahalar ratsa ta. Wasu kuma ƙwan fitilar suke cirewa su huta da ganinta. Saboda irinsu, duk tsohuwar motar da za ka saya, ka murɗa makulli ka tabbata jar fitilar ta kama kafin a tayar, ta kuma mutu bayan an tayar.

Wajen haɗawa, gam siriri kawai, a inda littafi ya ce. Ka cika famfo da mai kafin ka ɗaura shi, ko ka cusa basilin tsakanin haƙoransa don ya sami abin kama zuƙar farko. Ka zuba mai a sabuwar filta in mazauninta ya ba da dama. Ka bar agogon a ɗaure, fulogai a waje, ka yi ta ba da sitata kaɗan-kaɗan har allura ta ɗaga, sannan ka mayar da su ka tayar. Ka sake ɗaukar adadin nan uku da zafi. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita ka sake juye, ka yanka filtar ka baje takardarta a rana kamar farko. Ni ranar da muka gama haɗa wancan injin, Kawu ya sa na rubuta abin da agogo ya nuna a wata 'yar takarda na manna a cikin murfin akwatin gaban mota: bar 1.5 a silo, 3.5 a juyi 3000, da kwanan wata. Duk juye na uku nakan ɗaura agogon in gwada da takardar.